Tambayoyinku da Amsoshinmu: Tabon fuska da kwalabe bakwai

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da bazara ta kama, wasiƙun da ke shigo mini suka koma kan abu ɗaya, wato tabon fuska. Na ware guda biyar. Ta farko ce za ta cinye mafi yawan filin, domin abin da ya same ta ni ma ya taɓa samuna.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekaruna 32, 'ya'yana uku. Tun ina da cikin na ukun wani baƙi ya fito mini a kumatu biyu da goshi, kamar inuwa. Yau wata 9 da haihuwata bai tafi ba. Ga kuma wasu ɗigo-ɗigo a karan hancina da na taso da su tun ina yarinya. Na ga wata a Instagram tana tallar saitin gyaran fuska mai mataki bakwai: sabulu, abin gurza fuska, ruwan goge fuska da ake kira tona, siram (ruwan magani na shafa wa fuska) iri biyu, man dare, da wani da ake ɗigawa a kan tabon kaɗai. Na ɗauki adashena na saya a kan naira 48,000. Sati uku ke nan ina bin yadda ta ce, safe da dare. A satin farko fuskata ta yi haske har abokan aikina suka yi magana. Yanzu kuwa saɓa take yi, in na yi alwala sai in ji kamar an zuba mini barkono, baƙin kuma ya fi da. Na faɗa mata, ta ce in ci gaba, wai dattin ne ke fita. In ci gaba? Kuma wanne ake fara shafawa, wanne ne na ƙarshe? Ina shayarwa, ina kuma shan ƙwayar tazarar haihuwa.

AMSA: Ƙanwata, ki ajiye su duka bakwai ɗin daga yau. Kada ki zubar, ki tara su a leda, zan gaya miki amfaninsu a gaba. Babu wani datti da ke fita ta hanyar raɗaɗi. Fuskar da ruwan alwala ke ƙonawa fuska ce da aka kankare mata sutura, wato siririn saman fata da ke riƙe danshi yana tare ƙura da ƙwayoyin cuta. Kin gurje shi, kin zuba masa asid a kai safe da dare har sati uku.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa baƙin ya ƙaru, don in kin fahimci wannan babu mai sake karɓe miki adashe. A cikin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira melanosait, aikinsu ƙera sinadarin launi mai suna melanin. Bature da baƙar fata kusan adadi ɗaya suke da shi na waɗannan ƙwayoyi. Bambancin shi ne namu sun fi ƙwazo, sun kuma fi saurin tashi. Rana ta doke su, su tashi. Ƙurji ya fito, su tashi. Aka gurje fata ko aka ƙona ta, su tashi su zuba launi a wurin. Shi ya sa cizon sauro ɗaya kan bar tabo a ƙafar yaro har watanni. To abin da saitin nan ya yi miki ke nan: ya tsokano masu ƙera launin a daidai wurin da kike so su kwanta.

Sannan abu biyu ne a fuskarki, kuma ba hali ɗaya gare su ba. Ɗigo-ɗigon karan hanci da kika taso da su gado ne, sun fi yawa ga masu hasken fata, suna duhu in an sha rana, su dushe in an kare fuska. Ba cuta ba ne, ni kam da za ki bi tawa da kin ƙyale su. Baƙin kumatu da goshi, yadda kika kwatanta shi, ya fito gefe biyu daidai da juna lokacin juna biyu, ya yi kama da abin da likitocin fata ke kira melasma. Sauyin sinadaran jiki na mai ciki ne ke tada shi, rana ta ciyar da shi. Ga wasu matan yakan dushe da kansa cikin watanni bayan haihuwa, ga wasu kuma ya zauna. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna tada shi ko su hana shi tafiya. Kada ki daina shan taki da kanki. Ki ɗauki kwalin ki koma wurin ma'aikaciyar da ta ba ki, ki nuna mata fuskarki, ku duba ko akwai wata hanyar da ta fi dacewa da ke.

Ni a cikina na biyu ya fito mini, shekara 14 ke nan. A lokacin ina aiki a kantin magani, ina karanta jikin kwalabe kullum, amma damuwa ta sa na karɓi wani haɗi a farar roba marar rubutu daga hannun wata mata a wurin biki. Kwana goma fuskata ta yi fes. Na shafe wata huɗu ina shafawa. Sai jijiyoyi suka fara bayyana a kumatuna, ƙananan ƙuraje suka feso, wani siririn gashi ya tsiro a gefen fuskata. Da na tsorata na daina, fuskar ta yi zafi ta kumbura, baƙin ya dawo ya ninka na da. Likitan fata da ya duba ni ya ce alamun sitiroyid ne mai ƙarfi, wato wani maganin kumburi da ƙaiƙayin fata. Sai da na yi fiye da shekara kafin in iya fita ba hoda. Shi ya sa da na karanta inda kika ce fuskarki ta yi haske a satin farko gabana ya faɗi. Babu wani maganin tabo na gaskiya da ke aiki cikin kwana bakwai. Abin da ke haskaka fuska da irin wannan sauri yawanci sitiroyid ne, ko sinadarin dusar da launi mai suna haidrokwinon in an zuba shi da yawa, ko sinadarin makuri, kuma masu haɗawa ba sa rubuta su a jikin roba.

Yanzu ga abin da za ki yi. Sati biyu na farko hutu ne. Ki wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mai laushi marar ƙamshi, da tafin hannu kawai. Ban da soso, ban da sabulun salo, ban da lemun tsami, ban da kurkur, ban da duk wani abin gurzawa. Ki shafa mai marar turare tun fuskar na da ɗan danshi. In saɓar ta yi yawa, ɗan basilin kaɗan da dare ya isa. Da safe kuma ki sa man kariya daga rana, wanda ake kira sanskirin. In bayan sati biyu har yanzu alwala na yi miki zafi, ko fuskar ta kumbura da kika daina, kada ki jira, ki tafi asibiti.

Zan daɗe a kan sanskirin, domin a nan ne yawancin matanmu ke asarar kuɗinsu. Sai mace ta sayi siram mai tsada ta shafa da dare, gari ya waye ta fita cikin ranar Zariya fuska a buɗe, rana ta mayar da duk abin da siram ɗin ya cire. Kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Mutane da yawa suna ɗauka baƙar fata ba ta buƙatarsa. Gaskiya ne ba ma saurin ƙonewa kamar Turawa, amma tabo mu ya fi kamawa, kuma mu ya fi daɗewa a jiki. Ki nemi wanda aka rubuta SPF 30 ko sama da haka a jikinsa, da alamar yana tare hasken UVA, wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani. Da irin ranarmu 50 ya fi. Ki matsa shi a tsawon yatsunki biyu, manuniya da na tsakiya, wannan shi ne ma'aunin fuska da wuya. Ɗan ɗigon da ake shafawa don kada ya ƙare da wuri ba ya ba da kariyar da aka rubuta a kwalbar.

Ga mai melasma akwai wani ƙarin bayani. Hasken rana da ido ke gani shi ma yana tada launi a fata irin tamu, kuma sanskirin na yau da kullum ba ya tare shi sosai. Wanda aka sa wa launi kamar hoda, mai ɗauke da sinadarin ayon oksaid, shi ke tarewa. Yana kuma magance kukan da mata ke yi mini cewa sanskirin na mayar musu da fuska toka-toka.

Sai maganar alwala, wadda masu rubuta umarnin jikin kwalba a Turai ba su yi lissafinta ba. Kin shafa da ƙarfe 7 na safe, kin tsaya taron ɗalibai a fili, kin yi zufa a aji, kin yi alwalar Azahar. Babu sauran komai a fuskarki, ga shi a lokacin ne za ki hau Keke Napep zuwa gida rana na tsakiyar ka. Ki riƙa yawo da ƙaramar kwalba a jaka, ki sake shafawa bayan Azahar, in za ki fita bayan La'asar ma haka. Hijabi yana rufe kunne da wuya, amma kumatu da goshi, inda baƙinki yake, a waje suke. Ki riƙe lema. Mata da yawa kuma suna lura cewa zafin murhu na ƙara musu shi, don haka in kina girki da itace ko gawayi ki rage sunkuyawa a kan wuta.

Bayan fuskar ta huce sai a shigo da magani, guda ɗaya tak. Tunda kina shayarwa, wanda na fi natsuwa da shi shi ne asid ɗin azelayik, mai ƙarfin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Yana rage aikin masu ƙera launi, yana taimaka wa ƙuraje, kuma likitoci na ba masu ciki da masu goyo. Ki fara gwada shi a gefen muƙamuƙi kwana uku. In babu matsala, ki riƙa shafa shi siriri da dare, yau a shafa gobe a huta, har fatar ta saba. Ɗan ƙaiƙayi na 'yan mintoci a farko ba komai ba ne. Zafi mai daɗewa ko saɓa kuwa alama ce ta a ja baya. Ki wanke hannu kafin ki ɗauki jaririn.

Bayan sati uku, in komai lafiya kuma aljihu ya yarda, kina iya ƙara ɗaya da safe: ko nayasinamaid mai kashi 4 zuwa 5, ko bitamin C mai kashi 10 zuwa 15. Nayasinamaid ya fi sauƙin hali da sauƙin kuɗi. Bitamin C ba ya jure zafi da haske, in kika ga ruwansa ya koma ruwan ƙasa ya lalace, kuma a zafin Afrilu hakan ba ya ɗaukar lokaci. Dalilin shigo da su ɗaya bayan ɗaya shi ne in fuska ta yi gardama ki san mai laifi. Yanzu da kika haɗa bakwai rana ɗaya, ko likita ba zai iya nuna wanda ya ƙona ki ba sai ya duba su.

Tsarin shafawa da kika tambaya ba shi da wuya: mai ruwa-ruwa kafin mai kauri. Da safe wanke fuska, siram, mai, sanskirin a ƙarshe, hoda a kansa in kina so. Da dare wanke fuska, magani, mai. Shi ke nan. Wannan yayi na mataki bakwai da mataki goma daga kasuwar kayan kwalliya ta Koriya ta Kudu ya yaɗu, kuma a can ma yawancin matakan na ƙara danshi ne da lallashin fata, ga su da tsananin gudun rana. Da abin ya iso hannun masu haɗi a nan sai aka riƙe yawan kwalaben, aka cika su da abubuwa masu kaifi, aka bar sanskirin a baya. Ki duba saitinki, cikin bakwai ɗin babu shi ko ɗaya.

Akwai magunguna biyu masu ƙarfi da za ki ji ana ambata, gara ki ji su daga bakina. Na farko dangin retinoyid, irin su adafalin mai kashi 0.1 da tiretinoyin. Suna sa fata saurin sabuntawa, ana shafa kamar girman ƙwayar wake ga dukan fuska, da dare, sau biyu a sati a farko. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa su, ke ma ki bari sai kin yaye, likita ya duba ki. Na biyu haidrokwinon. Tun 1975 wani likitan fata na Amurka, Albert Kligman, da abokin aikinsa suka fitar da haɗin haidrokwinon da tiretinoyin da sitiroyid marar ƙarfi, kuma har yau irin wannan haɗi na cikin mafi inganci ga melasma. Amma magani ne na likita, na ɗan lokaci, wata biyu zuwa uku a tsaya. Tarayyar Turai ta cire haidrokwinon daga kayan kwalliya tun 2001, Amurka kuma tun 2020 ba a sayar da shi sai da takardar likita. Abin da ke warkarwa a hannun likita cikin wata uku, shi ne ke lalata fuska in aka mai da shi man shafawa na shekara da shekaru.

Kada ki sa ran ganin canji kafin sati 8 zuwa 12. Fata na ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta samanta, in shekaru sun ja ma ta fi haka, launin da ya zauna kuma sai an yi irin wannan zagaye da yawa. Madubi ba zai nuna miki ba saboda kullum kina kallonsa. Ki ɗauki hoto a bakin taga ɗaya, lokaci ɗaya, ranar 1 ga kowane wata. Ba zan ɓoye miki ba, melasma yana dushewa sosai amma yana da halin dawowa, musamman da wani cikin ko in aka yi sakaci da rana. Nawa har yau in na yi sati ina yawon biki ba kariya sai ya leƙo.

Ledar kwalaben nan kuma, ki ɗauke ta zuwa sashen fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tunda kusa da ke yake. Likita ya ga fuskar, ya ga abin da aka shafa mata. Ki duba ko akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da jerin sinadarai a jikinsu. Ina kyautata zaton wasunsu ba su da ko ɗaya. Allah Ya raya yaran, Ya mayar miki da alheri.

TAMBAYA: Anti, saura sati biyar bikina. Ina da baƙaƙen tabon ƙuraje a kumatu da haɓa. Mai gyaran jikina ta ce za ta yi mini dilka da halawa sau uku a sati, da wani haɗi na lemun tsami da kurkur, sannan ta ba ni mai na musamman na amare. Ƙawayena duk haka suka yi. Me kika gani? Daga wata 'yarki a Maiduguri.

AMSA: 'Yata, Allah Ya sanya alheri, Ya ba da zaman lafiya. Sati biyar ba ya isa a goge tabon ƙuraje, amma ya isa a ƙona fuska, kuma na ga amaren da suka shiga ɗaki da fuska kala biyu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ba ni da faɗa da dilka a jiki. Gyara ne da muka gada ta hanyar Sudan da Barno, yana sa fata laushi da ƙamshi, a yi miki a hannu da ƙafa da baya da hannu mai sauƙi. Fuska mai ƙuraje ce ba na so a kai mata shi, domin gurza ƙurji na haifar da sabon tabo. Lemun tsami kuwa ki hana gaba ɗaya. A jikinsa akwai sinadarin da in ya taɓa fata aka shiga rana yakan ƙona ta, ya bar baƙin tabo mai daɗewa fiye da wanda aka so cirewa. Man amaren nan, ki ce ta nuna miki abin da ke ciki a rubuce. In ba ta iya ba, ki yi mata godiya ki bar mata kayanta. Amarya na iya samun ciki a watan farko, kuma bai kamata ta shiga gidan miji da sinadarin da ba ta san sunansa ba a jikinta.

Abin da za ki iya yi a sati biyar: ki cire hannunki daga fuska, kada ki sake matse ƙurji ko ɗaya. Ki fara sanskirin gobe. Ki sa nayasinamaid da safe, azelayik da dare a hankali yadda na gaya wa 'yar'uwarki ta Zariya. Kada ki gwada wani sabon abu a sati biyun ƙarshe. Tabon zai ɗan lafa, fatar ta yi sumul, sauran kuma aikin mai kwalliya ne ranar biki, kuma hoda ta fi zama a lafiyayyar fata. Maganin ƙurajen shi ne ainihin aikin, domin muddin suna fitowa tabo ba zai ƙare ba. Wannan sai ki bi shi a natse bayan biki.

TAMBAYA: Hajiya, ni namiji ne, shekaruna 44, ina kasuwanci a Maraɗi. Wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo masu tudu sun fito mini a ƙarƙashin ido da wuya, suna ƙaruwa. Mahaifiyata ma tana da su. Wane mai zai cire su?

AMSA: Malam, babu man da zai cire su, kada ka kashe kuɗinka. Yadda ka kwatanta, masu tudu ne kuma akwai su a gida, sun yi kama da wasu ƙananan tsiro marasa illa da suka yawaita ga baƙar fata, suna ƙaruwa da shekaru. Tunda tsiro ne, man dusar da launi ba shi da abin da zai yi musu. In suna damunka likitan fata na cire su da 'yar na'ura mai ƙonawa, a fara da biyu ko uku a ga yadda fatarka za ta warke. Kada ka bari wanzami ko mai shago ya ɗiga maka asid a kusa da ido. Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai, kai da duk mai karatu: duk tawadar Allah ko baƙin tabon da ya sauya siffa, ya yi saurin girma, ko yake zubar da jini, musamman a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, a kai wa likita ba tare da jinkiri ba. Sankarar fata ga baƙar fata a irin waɗannan wurare ta fi ɓuya.

TAMBAYA: Anti, wuyan 'yata mai shekara 15 ya yi baƙi ƙirin da kauri, har da hammata. Na sa ta gurza da soso da toka, bai fita ba. Tana da jiki. Daga wata uwa a Sakkwato.

AMSA: 'Yar'uwa, ki daina sa ta gurzawa, kuma don Allah a daina ce mata ƙazama, yarinya a wannan shekaru magana na zama mata a zuciya. Baƙi mai kauri da laushi a wuya da hammata, ga mai jiki, sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara gardama da sinadarin insulin, wanda kan zo kafin ciwon suga. Ki kai ta a auna sugan jininta, ki gaya wa likita in al'adarta ba ta zuwa daidai, da kuma in akwai masu suga a dangi. In aka rage lemon kwalba da kayan zaƙi, ta riƙa motsa jiki, nauyi ya sauka, wuyan kan washe da kansa.

TAMBAYA: Anti, ina rubuto miki daga zango a Kumasi. Shekara 6 ina shafa man bilicin. Yanzu kumatuna sun yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi, gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi, ga nankarwa a damtse da cinya. Duk lokacin da na daina sai jikina ya yi ƙaiƙayi da zafi in koma. Ina jin kunyar zuwa asibiti. Ina so in daina.

AMSA: Ƙanwata, wasiƙarki na karanta ta sau uku. Niyyar da kika yi ita ce mafi wuya, kuma kin riga kin yi ta. Babu abin kunya a nan. Likitocin fata a Gana da Najeriya suna ganin irin wannan kullum, abin ya kai har hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, Gana kuma tun 2016 ta hana shigo da kayan shafa masu haidrokwinon. Ba ke kaɗai ba ce.

Alamu biyu kika kawo. Baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu bayan shekaru ana shafa haidrokwinon yana iya zama abin da ake kira okronosis, inda maganin da kansa ke tara wani launi a can cikin fata. Ƙara shafawa ƙara shi yake yi, don haka duk wanda ya ce ki sayi mai ƙarfi don ya goge shi, cutar da ke zai yi. Yana da wuyar magani, ba zan yi miki alkawarin zai tafi duka ba, amma yana tsayawa in an daina, kuma akwai abin da likita zai iya ragewa.

Nankarwa da ƙaiƙayin da ke mayar da ke kuwa aikin sitiroyid ne. A nan ina so ki saurare ni da kyau: ke ba kamar ta Zariya ba ce da na ce ta ajiye yau. Wadda ta shafe shekara 6 tana shafa sitiroyid a dukan jiki, yana shiga jininta, har jikin kan rage ƙera nasa sinadarin. Yankewa rana ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani, jiri da faɗuwar hawan jini. Janyewa ake yi a hankali, likita na lura. Ki tafi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke nan Kumasi, ki nemi sashen fata, ki tafi da duk robobin da kike shafawa har da sabulun. Ki roƙa a auna miki suga, hawan jini da ƙoda, domin sitiroyid na taɓa biyun farko, makuri kuma da ake samu a wasu mayukan yana taɓa ƙoda. In kina da ciki ko kina goyo ki faɗa tun a bakin ƙofa.

Watannin farko za su yi nauyi. Launinki na asali zai dawo ba daidai ba, wani wuri ya riga wani, mutanen zango kuma za su yi magana. Ki samu mutum ɗaya a gida, yaya ko ƙawa, ki gaya mata abin da kike ciki don ta raka ki asibiti ranar farko. Man kaɗe mai tsabta a jiki safe da dare, sanskirin a fuska da bayan hannu, tufafi masu rufe damtse. Ki sake rubuto mini bayan wata uku ki gaya mini abin da likitan ya ce, zan ajiye miki fili.